Filin Tambaya da Amsa: Ɓeraye 60, shekara guda, amsa ɗaya

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce 'yar aji uku a jami'a, ina karanta Bayokemistiri. Likitanci na cika a JAMB har sau biyu ban samu ba, aka turo ni nan. Kakata ta wajen uwa ta shekara huɗu tana fama da mantuwa, yanzu ko sunana ba ta riƙewa, da sunan ƙanwarta da ta rasu tun ba a haife ni ba take kirana. Ina son in yi bincike a kan cututtukan ƙwaƙwalwa, amma yayana ya ce wannan aikin likitoci ne, mu namu ƙarshensa koyarwa a sakandare ko gwajin fitsari. Da gaske ne? In akwai hanya, yaya take, kuma shekara nawa take ci?
Wata ɗaliba, daga Zariya

AMSA: Wa alaikis salam, 'yata. Allah ya ba kaka sauƙi, ku kuma ya ba ku ladan jinya. Kafin komai, in ba a taɓa kai ta wurin likitan ƙwaƙwalwa ba, a kai ta. Mantuwar tsufa iri-iri ce. Akwai wadda hawan jini ke jawowa, akwai ta ƙarancin bitamin B12, akwai ta matsalar maƙoƙo, kuma wasu daga ciki suna jin magani.

Yayanki kuwa, ki gaishe shi, ki ba shi wannan lissafin. A 1906 wani likita Bajamushe, Alois Alzheimer, ya duba ƙwaƙwalwar wata mata da ta mutu da mantuwa, ya ga wasu dunƙule-dunƙule a tsakanin ƙwayoyin jijiya. Ya gani, ya zana, ya bayyana. Amma da me aka yi dunƙulen? Sai a 1984 George Glenner da Caine Wong suka tace irin abin daga jijiyoyin jinin ƙwaƙwalwar masu cutar suka karanta jerin sinadaransa, aka san furotin ne, wanda yau ake kira amiloyid. Shekara 78 ke nan likitoci na kallon abu, suna jiran mai tacewa. Tacewar nan ita ce darasin da ake koya muku a aji uku kuna hamma.

Bari in ba ki labarin mutum ɗaya, don tafiyarsa ta fi duk jerin shawarwarin da zan iya rubutawa. Sunansa Stanley Prusiner, Ba'amurke, an haife shi a 1942. Ya yi digirin farko a Kemistiri a Jami'ar Pennsylvania, ya gama a 1964, ya yi likitanci a nan ya gama a 1968. Na san yayanki zai ce, to ai ga shi, likita ne. Haka ne. Amma daga nan sai ya tafi cibiyar binciken lafiya ta gwamnatin Amurka, ya shekara uku a ɗakin gwajin Earl Stadtman yana nazarin wani sinadarin narkarwa a cikin ƙwayar cutar hanji ta E. coli. Ba majinyaci, ba ƙwaƙwalwa, sai kwalabe. A nan ya koyi sana'ar da ta ciyar da shi har tsufa: yadda ake raba furotin ɗaya daga cikin dubbai, da yadda ake auna shi.

A 1972 ya koma San Faransisko yana neman ƙwarewa a cututtukan jijiya. Bai fi wata biyu da farawa ba aka kwantar masa da wata mata da mantuwa ta cinye cikin 'yan watanni, jikinta na fizga. Cutar Creutzfeldt-Jakob ce, CJD a taƙaice, mai kama kusan mutum ɗaya cikin miliyan a shekara, kuma yawanci ba a shekara da ita. In aka yanka ƙwaƙwalwar mamacin aka duba a madubin likita, sai a gan ta huje-huje kamar soso. Matar ta rasu. A lokacin cewa ake yi wani bairos ne mai jan ƙafa, amma ba wanda ya taɓa kama shi. An dai san cutar na da 'yan'uwa: kuru, wadda ta addabi ƙabilar Fore a Papua New Guinea, da wata tsohuwar cutar tumaki a Turai da ke sa tunkiya ta yi ta goga jikinta da shinge har gashi ya zube. Prusiner ya ce shi zai tace abin. A 1974 ya buɗe ɗakin gwajinsa, ya kama cutar tumakin don ita ake iya ɗora wa ɓeraye.

Kin san yadda ake gasara. A jiƙa gero, a markaɗa, a tace da rariya, a bari ya kwanta, a tsiyaye ruwan sama. To aikinmu ke nan, sai dai mu ba ma jiran kwanciya, inji muke saka wa ya wulwula kwalaben da gudu har mai nauyi ya zauna a ƙasa. A markaɗa ƙwaƙwalwar dabbar da ta kamu, a raba gida-gida, sannan a tambaya: a wane gida cutar take, ruwan sama ko na ƙasa? Mai koko ɗanɗanawa take yi. Shi kuwa dole ya yi wa lafiyayyun ɓeraye allura ya zauna ya ga wanda zai kwanta. Samfuri ɗaya yana cin ɓeraye wajen 60 da kusan shekara guda. Ki yi lissafi da kanki: in tacewa na da mataki goma, kowane mataki sai an gwada kafin a je na gaba, ai furfura za ta riga sakamako zuwa.

A ganina nan ne gwanintarsa take, kuma nan ne masu ba da labarinsa suke tsallakewa don ba daɗin ji. Ya bar ɓera ya koma wa hamsta, wata 'yar dabba mai kumatu dangin ɓera, wadda wasu masu bincike suka gano cutar na kayar da ita da wuri. Sannan ya daina ƙirga dabbobin da suka mutu, ya koma ƙirga kwanaki: in gubar ta yi yawa a samfuri, dabba ta kwanta da wuri, in kaɗan ce ta jima. Da haka jiran shekara ya dawo wata biyu da 'yan kwanaki, dabbobi 60 suka dawo 'yan ƙalilan. Sai ga aiki yana tafiya.

Abin da ya samu ya saɓa wa littafi. Duk abin da aka san yana yaɗuwa, bairos ne ko bakteriya, yana ɗauke da DNA ko RNA, don da su yake haihuwar kansa. Shi kuwa ya zuba wa samfurinsa abubuwan da ke lalata waɗannan, cuta na nan daram. Ya zuba masu lalata furotin, ƙarfinta ya ragu. A 1982 ya buga takarda a mujallar Science ya ce furotin ne ke yaɗa cutar, ya raɗa masa suna firiyon. Aka yi masa caa. Tun kafin nan ma ƙasa ta fara zame masa: wata babbar cibiya da ke ba shi kuɗin bincike ta ƙi sabuntawa, jami'arsa ta ce ba za ta tabbatar da shi a kujera ba, daga baya ta janye. Cikin waɗanda suka riƙe shi da kuɗi a shekarun nan har da kamfanin taba sigari na R. J. Reynolds, abin da ni dai har yau yake min wani iri.

Kada kuma ki ɗauka shi kaɗai ya yi tunanin. Tun a shekarun 1960 wata masaniya haifaffiyar Afirka ta Kudu da ke aiki a Landan, Tikvah Alper, ta nuna hasken da ke kashe bairos ba ya kashe wannan abin. A 1967 wani masanin lissafi, J. S. Griffith, ya rubuta yadda furotin zai iya yaɗa kansa. Su sun hango, shi ya tace ya riƙe a hannu. Mutane da yawa a fagen sun ji haushin yadda ya yi wa abin suna tun hujja ba ta cika ba, kuma ba zan ce ba su da gaskiya ba.

Hujjar ta zo a hankali, daga hannuwa da yawa. A 1985 aka gano cewa wannan furotin ba baƙo ba ne, kowa na da shi, ni da ke da kaka, jikinmu ne ke ƙera shi. To me ya bambanta mai cuta da lafiyayye? Naɗi. Ƙyalle ɗaya ne, amma naɗin rawanin malami daban, na dogari daban. Furotin zare ne dogo da ke naɗe kansa, kuma naɗin ne ke ba shi aiki. In ɗaya ya yi naɗin banza, sai ya riƙa taɓa lafiyayyun yana juya su su koma irinsa, su manne su dunƙule, jiki ya kasa narkar da su. Wake ɗaya ya ɓata gari. A 1993 ɗakin gwajin Charles Weissmann a Zurich ya yi wa ɓerayen da aka cire wa wannan furotin allurar cutar, ba su kamu ba. Ba ƙyalle, ba naɗi. A 1996 gwamnatin Birtaniya ta amsa cewa da alama haukan shanu, cutar firiyon da ke kama shanu, ya tsallaka zuwa mutane, a 1997 aka ba Prusiner kyautar Nobel shi kaɗai. Daga gadon matar nan zuwa Stockholm, inda ake ba da kyautar, shekara 25. CJD kuma har yau ba ta da magani. Abin da ya shafi kakarki a nan shi ne, masu bincike da yawa yanzu suna ganin amiloyid da wani furotin mai suna tau, su biyun da ake samu a cutar Alzheimer, da irin wannan salon suke yaɗuwa daga sashe zuwa sashe a cikin ƙwaƙwalwa, ko da yake ba a ɗaukar cutar ta hanyar zama da majinyaci ko jinyarsa.

Kin tambayi shekaru. Bayan digirinki da bautar ƙasa, digiri na biyu shekara biyu ne a takarda, na uku kuma uku zuwa biyar, in yajin aiki bai sa baki ba. A ƙasashen waje ana ƙara wasu shekaru ana aiki ƙarƙashin wani kafin a ba mutum ɗakinsa. A nan gida tsani ne: mataimakin malami, malami na biyu, na ɗaya, babban malami, har farfesa, kowane hawa da adadin takardun da ake nema. Ki ƙaddara shekara goma kafin ki fara tambayar da taki ce ta kanki.

Ga abin da ba ya cikin takardar shiga. Lokacin da nake digiri na biyu, na yi wata takwas ina tara ƙwaƙwalen ɓeraye. Kowace ba ta fi ƙwayar dabino ba, fara-fara, laushi kamar awara. Sai ka fasa ƙoƙon da ɗan almakashi, ka ɗago ta da cokali siriri, ka ɗora kan ƙanƙara cikin daƙiƙu, don da ta ji ɗumi sinadaran cikinta sun fara cin junansu. Na jera su a firiza, kowace da lamba a jikin kwalba, na tafi gida babbar salla. Wuta ta ɗauke, janareta ba mai. Ranar da na dawo tun daga bakin ƙofa hancina ya ba ni labari. Na zauna a kan dakalin waje har la'asar ban ce uffan ba. Tun daga ranar, in ɗalibi ya kawo min tsarin bincike, tambayata ta farko ita ce: in wuta ta ɗauke kwana uku, me zai rage maka?

Shi ya sa nake son ki san da ƙudan 'ya'yan itace, ɗan mitsitsin nan da ke bin ruɓaɓɓiyar ayaba. Yana da ƙwaƙwalwa, yana haihuwa cikin kwana goma sha, abincinsa ba tsada, kuma ana iya saka masa furotin ɗin mutum a ga yadda hawansa a jikin kwalba ke raguwa. A Jami'ar Ibadan, Amos Abolaji, wanda shi ma Bayokemistiri ya karanta, ya gina aikinsa a kan ƙudan nan yana horar da mutane. A Damaturu, Mahmoud Bukar Maina, da ya yi bincike a kan tau a Jami'ar Sussex ta Ingila, ya kafa cibiyar bincike da horo a Jami'ar Jihar Yobe. Ƙungiyar IBRO ta masu binciken ƙwaƙwalwa ta duniya tana shirya gajerun makarantu a Afirka, ɗalibai na nema kyauta. Ki nema tun yanzu, ko an ƙi ki kin koyi rubuta takardar nema.

Tambayoyi kuwa a ƙofar gida suke. A 2010 gubar dalma daga niƙan duwatsun zinariya ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Zamfara, ta bar wasu da yawa da raunin ƙwaƙwalwa, domin dalma na shiga inda sinadarin kalsiyam ke shiga ta ɓata saƙon jijiya. A Kano an yi gwaje-gwaje a kan yara masu sikila, ana auna gudun jini a jijiyoyin kansu, ana ba waɗanda ke cikin haɗari maganin hydroxyurea don kare su daga shanyewar ɓarin jiki. Ga zazzaɓin cizon sauro mai hawa kai, ga sanƙarau, ga farfaɗiya. Abin da nake roƙonki ki guje wa shi ne binciken da ya cika sassanmu: a jiƙa ganye, a ɗura wa ɓera, a auna abu uku, a buga, shekara mai zuwa a canza ganye. Yana kawo ƙarin girma, na sani, ni ma na yi biyu. Amma in ba a tace an san mene ne a cikin ganyen ba, an tsaya a markaɗe ke nan.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ƙanena ɗan acaɓa ne, ya faɗi da babur kansa ya bugi kwalta. Ya tashi da ƙafarsa har ya yi mana bayani, sai washegari ya fara amai da sambatu, ya kwana tara a asibiti. Me ya sa ciwon bai nuna nan take ba? Kuma tun da ya dawo ya zama mai saurin fushi, wasu na cewa iska ce.
Wani mai karatu, daga Gusau

AMSA: Barka kadai, ɗan'uwa, Allah ya ƙara masa lafiya. Bugun kai biyu ne. Na farko na kwalta, ya ƙare cikin ƙiftawar ido. Na biyu jiki ne ke yi wa kansa, yana ɗaukar sa'o'i ko kwanaki. Wani lokaci jijiyar jini ce ta tsage tana ɗiga a ƙarƙashin ƙoƙo, jinin na taruwa yana danne ƙwaƙwalwa. Wani lokaci kumburi ne. Ƙafa in ta kumbura tana da wurin zuwa, ƙwaƙwalwa kuwa a cikin ƙwarya take a rufe.

A can ciki, ƙwayoyin da suka ji rauni suna zubar da gulutamet, sinadarin da ƙwayoyin jijiya ke aika wa juna saƙo da shi. In ya yi ambaliya sai ƙofofin maƙwabta su buɗe su ƙi rufuwa, kalsiyam ya kwararo ciki, ya tayar da wani sinadari mai suna kalfen wanda aikinsa yanka, ya shiga datse ginshiƙan ƙwayar daga ciki. Na san wani zai ce gulutamet ai shi ne farin magi. Shi ne, amma na miya akwai shingen da ke tare shi tsakanin jini da ƙwaƙwalwa, kada a je a ce Malam ya hana.

Ɗalibar da ta yi tambayar farko ta saurara nan. Wani masanin Bayokemistiri, Kevin Wang, ya yi shekaru a kamfanin magani yana nazarin kalfen, daga baya ya koma Jami'ar Florida. Magungunan da aka ƙera don tare wannan ɓarna sun yi ta aiki a ɓera suna faɗuwa a mutum. Shi da abokin aikinsa Ronald Hayes sai suka juya tambayar: in ƙwayoyi na fashewa, tarkacensu na shiga jini, me zai hana a auna tarkacen? A Fabrairun 2018 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da gwajin jini na farko irin wannan, mai auna furotin biyu, GFAP da UCH-L1, cikin awa 12 da buguwa, don a san wa ke buƙatar hoton ƙwaƙwalwa. Duk wanda ya taɓa biyan kuɗin hoton nan, ko ya ɗauki majinyaci zuwa wani gari don a yi shi, ya san darajar wannan.

Fushin ƙanenka kuma, gaban ƙwaƙwalwa, daidai goshi, shi ne birkin hali, kuma shi ya fi buguwa a faɗuwar babur. Ku gaya wa likitansa, ku rage masa hayaniya, ya samu barci, kada ya koma kan babur sai an ba shi izini, in ya koma kuma da hular kwano. Ga sauran masu karatu: wanda ya bugu a kai ya fara amai a kai a kai, ko barci mai nauyi, ko jijjiga, ko ruwa na fita ta hanci ko kunne, ko ɓari ɗaya ya yi sanyi, asibiti a daren, ba a jiran safiya.

TAMBAYA: Malam, ni mai sayar da kai da ƙafa ne. Wani kwastoma ya ce cin ƙwaƙwalwar saniya na kawo haukan shanu. Ya za mu yi da sana'a?
Wani mahauci, daga Maraɗi

AMSA: Sarkin fawa, sana'a na nan. Haukan shanu ya ɓulla a Birtaniya a 1986, kuma mutane ne suka jawo shi: ana niƙa ragowar nama da ƙashin dabbobi ana zuba wa shanu a abinci don su yi saurin girma, saniya na cin saniya. An tabbatar da cutar a shanu sama da 180,000, an hallaka miliyoyi, mutum 178 suka mutu a ƙasar. Da aka hana wannan abincin a 1988 aka kuma tsaurara doka daga baya, cutar ta yi ta ja da baya. Saniyar da ta tashi a kan ciyawa da harawa da dusa ba ta bi ta wannan hanyar ba.

Abu ɗaya dai kwastomanka ya kamata ya sani, kai ma haka: firiyon ba ya jin wuta, tafasa da babbaka ba sa kashe shi. Don haka dabbar da ka ga tana tangaɗi, tana zabura ba dalili, ko ta kasa tashi, kada araha ta ruɗe ka, ka kira malamin dabbobi ya duba ta kafin wuƙa. Ko ba wannan cutar ba, akwai wasu da ke sa dabba haka, ciki har da ciwon haukan kare. Ni kuwa ranar Juma'a in na samu kan rago da yaji, harshe nake fara nema, ƙwaƙwalwar na bar wa yara, don na ga ta ɓeraye ta ishe ni.